Hannun Baba Bai Fito Ba

Litinin, 4:10 na yamma

Yaya ta sake tambayata katin ɗaukar hoto na bakwai. Na ce na manta shi a gida. Yana cikin jakata, a aljihun makulli, ina jin tudunsa a cinyata lokacin da nake shirga mata ƙaryar.

A gidanmu ni kaɗai ce mai ji. Baba kurma ne, Mama kurma, Yaya kurma. Zan iya tsayawa a tsakiyar falo in zazzaga wa kowa masifa da baki ba wanda zai sani, amma girata ta ɗan motsa sai Mama ta ce me ya faru. Shi ya sa na sayi littafin nan, takarda dai ba ta duba fuskar mutum.

Saura mako uku ƙungiyar kurame ta cika shekara arba'in, kuma ranar za a nuna fim ɗinmu a zaurenta. Yaya ce darakta. Ni ce mai kyamara, saboda na yi shekara goma a gidan talabijin. Mai Tacewa, wanda shi ma kurma ne, shi yake haɗa hotunan a kwamfuta. Tsofaffin ƙungiyar ne suke ba da labarinsu da maganar hannu, babu murya ko ɗaya. Kati shida na miƙa. Na bakwai hirar Baba ce, wadda muka ɗauka ranar Talata, ana gobe Laraba.

Ba zan yi maganar Laraba ba.

Talata, 11:30 na safe

A asibiti sun sa wa Baba allurar ƙarin ruwa a hannun hagu. Hagu fa!

Na ce wa nas ɗin, baiwar Allah, to da wanne zai yi magana? Ta ce ai dama ba ya magana. Na haɗiye abin da ya fara zuwa min baki. Na ce idan kika cusa wa majinyaci auduga a baki kika liƙe da filasta, me sunan wannan aikin? Ta ce in je in ga likita. Shi kuma likitan ko sau ɗaya bai kalli Baba ba, ni yake ta kallo yana cewa ki tambayi beben ko kaza, ki faɗa wa beben kaza. Na ce sunansa ba bebe ba, kuma ga shi nan a gabanka, idonsa biyu.

Sai bayan awa biyu suka mayar da allurar hannun dama, wanda tun ranar Laraba da ɓarin jikinsa ya shanye, ko an tsira masa ba ya ji. Muka zagaye gadon muna jiran abin da zai fara faɗa da na hagun. Ya ɗaga shi da ƙyar, ya nuna bango, ya ce agogon nan ya makara da minti huɗu. Shekara arba'in da biyar yana gyaran agogo, me muke tsammani? Mama ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, daga nan kuma ba dariyar take yi ba.

Laraba, 7:00 na safe

Mako ɗaya.

Alhamis, 2:45 na rana

Na sake kallon hirar Baba. Ban san me nake tsammani ba, ko katin zai gyara kansa ne a cikin jaka.

Bari in rubuta sau ɗaya in huta. Dokar Yaya guda ce: daga ƙugu zuwa tafi ɗaya sama da kai, kada hoto ya matso fiye da haka, don a cikin wannan filin ake magana. Ta faɗa min ya fi sau ɗari. Har takarda ta rubuta ta manna a jikin kyamarar. Ni kuma na ce haba Yaya, ni za a koya wa? A ciki fa aka haife ni.

Baba yana zaune a shagonsa, agoguna a bayansa, yana ba da labarin yadda suka fara taruwa su shida a barandar nan. Komai na tafiya daidai. Can wajen ƙarshe sai na ga idonsa ya ciko. Wallahi ban yi shawara da kaina ba, yatsuna ne suka murɗa bakin kyamarar. A gidan talabijin in hawaye ya zubo ba ka janyo fuskar kusa ba, ranar sai ka gwammace ba ka zo aiki ba. Shekara goma ana dukan wannan a kaina.

Minti ɗaya da daƙiƙa goma sha biyu. Fuskarsa ce ta cika hoton, kyakkyawa, haske ya zauna mata ɗas. Kafaɗunsa suna motsi, lokaci-lokaci kan yatsa ya gifta ta ƙarƙashin haɓa. Hannun bai fito ba. Kuma da yake idona yana kan ɗan allon kyamarar, ni ma fuskar kawai na gani.

Da na ɗago, Yaya tana kuka, Mai Tacewa yana share ido da hularsa, kuma dukansu ni suke kallo. Yaya ta zo ta rungume ni. Baba ya zuba min ido yana jira. Na yi murmushi, na gyaɗa kai kamar wadda ta fahimta, na ce a raina gobe zan ce haske ya ɓaci mu sake. Goben ita ce Laraba.

Juma'a, 5:20 na yamma

Tun ina jaririya sunana a hannu Kunne. A ja fatar kunne sau biyu, ni ke nan. Baba ne ya sa min, kuma ban taɓa tambayar dalili ba don a bayyane yake.

Yanzu Yaya ta daina. In za ta ambace ni sai ta ɗaga babban yatsan hagu, ta kama shi da hannun dama ta riƙe. Mama ma haka. Yau Mai Tacewa ya yi wa mai shayin bakin titi bayani da shi, yana nuna ni. An canza min suna a gabana, a cikin wannan minti ɗayan, kowa ya sani ban da mai sunan. Kuma wa zan tambaya? In na buɗe hannu na ce me wannan yake nufi, na tona kaina.

Yaya ta ce, "Har yanzu ba ki ce komai ba kan abin da Baba ya faɗa." Na ce abin ya yi min nauyi ne. Ta shafa kaina. Da mari ta yi min da ya fi sauƙi.

Asabar, 12:15 na rana

Tsohon ogana na gidan talabijin ya leƙo ofis wai ya ba mu shawara. Ban gayyace shi ba, a hanya muka haɗu na yi suɓutar baki.

Ya kalli minti biyar yana kaɗa ƙafa. Ya ce aiki ya yi kyau, amma shirun ya yi yawa, a sa sarewa mai ban tausayi. Ya ce a samo mai murya mai daɗi ya riƙa karanta abin da suke nufi. Sannan ya ce, "Kuma hannuwan nan sun cika hoton, ku riƙa shiga fuska mana, a nan motsin rai yake."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ranka ya daɗe, in ana hira da kai aka kashe makirufo a tsakiyar zance saboda hancinka ya yi kyau, za ka ce an yi maka adalci? Na ce hannun shi ne bakin, shi ne muryar, wanda ya yanke shi ya toshe wa mutum baki ne, kuma jahilci ne, jahilci tsagwaronsa! Ina yi da baki ina yi da hannu don Yaya ta gani. Ya tattara ya fita. Yaya da Mai Tacewa suka ɗaga hannuwa sama suna kaɗawa, tafinmu ke nan.

Na shiga banɗaki na daɗe.

Litinin, 9:40 na safe

An sallamo Baba daga asibiti. Masu cewa gidan kurame shiru ne su zo su kwana ɗaya a namu. Mama tana jan kujeru kamar tana faɗa da su, murfin tukunya yana faɗuwa ba mai waiwayawa, Yaya tana dukan tebur don ta kira Mama, famfo yana ta zuba tun asuba sai da na zo na kashe. Kaina kamar zai tsage.

Maganarsa ta koma rabi-rabi. Yawancin kalmomi hannu biyu suke so, shi kuma ɗaya yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Ya nemi wani abu sau huɗu ban gane ba, ya ɗauki kofi ya yi jifa da shi. Mama ta leƙo, kallo ɗaya ta yi masa ta kawo tabarau.

Da zan tafi ya kama mayafina. Ya ce, "Kin kalla?" Na ce na kalla, ya yi kyau. Ya ci gaba da kallona. Na ce zan makara.

Talata, 3:30 na yamma

Na ɓata yini guda ina neman hannunsa a gilashin agogon da ke bayansa, ko ya haska a ciki. Na ƙara girman hoton har ya farfashe. Fanka na gani, da ƙafar kyamara, da wani abu mai kama da goshina.

Na rage gudun hoton ina karanta kafaɗa. Akwai wurin da na tabbata ya ce jariri. Akwai wurin da ya kumbura kumatu, wato abu ya daɗe. Shi ke nan abin da na samu, ni da nake fassara wa mutanen gidan nan tun ina shekara biyar, a asibiti, a makaranta, a wurin mai gidan haya.

Laraba, 7:00 na safe

Biyu.

Alhamis, 6:05 na yamma

Ta sani.

Mai Tacewa ya ce yau ko ya sami katin ko ya ajiye aikin, saura kwana goma sha ɗaya kuma shi ba aljani ba ne. Na fara cewa na manta, Yaya ta miƙo hannu ta ɗauki jakata ta zazzage a tebur. Ga shi nan tsakanin makulli da man leɓe.

Muka zauna mu uku. Ina kallon lambobin suna tafiya a ƙasan allo. Da hoton ya fara matsowa, Mai Tacewa ya ɗan ja baya da kujerarsa kamar mota ce ta nufo shi. Yaya ba ta motsa ba har ya ƙare. Ta mayar baya ta sake kallo. Ta ɓamɓare takardar da ta manna a jikin kyamarar, ta ajiye a gabana, ta shafe ta da tafin hannu.

Na ce Yaya, hannuna ne ya yi, ban sani ba. Ta ce, "To ke kin ga abin da ya ce?" Na ce a'a. Ta ce, "Kwana goma sha shida kina gyaɗa mana kai?"

Mai Tacewa, Allah ya saka masa, ya ce ai Yaya ta ga maganar, a bar fuskar a rubuta a ƙasa. Ta juya kansa kamar za ta cinye shi. Ta ce shekara nawa masu ji suna nuna fuskokinmu suna rubuta abin da suka ga dama a ƙasa? Ta ce fim ɗin nan don kada a sake yin haka aka yi shi, kuma a kan ubanta za a fara?

Na ce to ki faɗa min ni, ko me ya ce. Ta ce, "Kina wurin." Sannan ta kalle ni ido cikin ido, ta kama fatar kunnenta ta ja sau biyu, da ƙarfi har wurin ya yi ja.

Juma'a, 1:00 na rana

In na ɗaga hannu sai ta rufe ido. Wanda bai tashi a gidanmu ba ba zai san zafin wannan ba. Mai ji ko ya toshe kunne wani abu yana shiga. Ita in ta rufe, ta rufe.

Asabar, 10:20 na safe

Na kunna fitilar ɗakinta na kashe, na kunna na kashe, don ta waiwayo. Ta tashi ta cire ƙwan.

To ni ma na gaji! Wa ya tsaya a kan nas har aka cire allurar? Wa yake amsa wayar dangin da ba su taɓa koyon ko sannu da hannu ba, amma yanzu kowa yana son a faɗa wa Baba yana gaishe shi? Kuskure ɗaya, minti ɗaya, shi ke nan na koma bare?

Na karanta abin da na rubuta. Ba minti ɗaya ba ne, na sani.

Lahadi, 4:50 na yamma

Mama ta ritsa ni a kicin. Ta yi magana hannunta jiƙe, ruwan wanke-wanke yana fantsamo min a fuska. Ta ce ita ba ruwanta da fim, amma mijinta kullum yana tambayarta me ya sa yarinyar nan ba ta ce komai ba, ko ta ji haushi ne. Ta ce, "Yana zaton kin ƙi sunan." Na jawo kujera zan zauna. Ta ce ba zama za ki yi ba, wuce ki faɗa masa da hannunki.

Na durƙusa a gaban kujerarsa na faɗa masa duka. Ya daɗe yana kallona da fuskar nan da gefe ɗaya ya sauka. Ya ce, "Minti nawa?" Na ce ɗaya da daƙiƙa goma sha biyu. Ya ce, "Ba ki gani ba? Ko kaɗan?" Na ce ko kaɗan, Baba. Sai ya sauke ajiyar zuciya, ya lalubi jaridar da ke gefensa ya kwaɗa min a ka. Ya ce, "Sakarya. A sake."

Yaya ta ce ba za a sake ba. Ba ta so mutane su gan shi a haka, a bar su da Baban da suka sani. Ya buga hannun kujera har ta kalle shi. Ya ce, "Hannu ne ya mutu. Ni ina nan."

Talata, 11:00 na safe

Kwana biyu ke nan suna kulle a ɗaki, Baba da Mama. An hana ni shiga. Mama ce za ta zama hannunsa na dama, in ji Mai Tacewa, wanda shi kaɗai yake kula ni a ofis yanzu. Ina jiyo dukan tebur, wani lokaci har da jifa da takalmi. Mama ta fito shan ruwa tana huci, ta ce mutumin nan wai ta cika sauri, wai tana riga shi faɗar abin da bai kai ba. Ta ce shekara talatin da takwas yana wannan ƙorafin, yau dai ya sami shaida.

Saura kwana shida. Mai Tacewa ya fara furfura a gabana.

Alhamis, 5:30 na yamma

A shagon muka yi, da safe, hasken ya fi kyau. Na kafa kyamara, daga ƙugu zuwa tafi ɗaya sama da kai, na duba sau uku. Yaya ta zo ta leƙa, ta ciro filasta ta naɗe wurin murɗawar gaba ɗaya. Na san na cancanta. Na sunkuya zan sa ido a allon, sai ta kama kafaɗata ta janye ni, ta dangwarar da ni a kan kujera a gefen kyamarar, dab da gwiwar Baba. Ta ce, "Ita ta iya kallo ba sai da ke ba. Ke kalli ubanki." Maganar farko da ta yi min cikin mako guda.

Mama ta zauna a damansa, ta ɗan shige bayansa, ta zuro hannunta ta inda nasa ya kamata ya kasance. Sau biyu suka yi karo, ya harare ta, ta harare shi. Daga nan suka daidaita.

Ya ce ranar da aka haife ni wani tire ya faɗi a ɗakin, na zabura na tsala kuka. Nas ta yi ta murna tana nuna masa kunnenta tana ɗaga masa babban yatsa. Shi kuma ya zagaya bayan ginin ya yi kuka. Ya ce a ransa wannan ba tamu ba ce, aro aka ba mu, za ta girma ta ji kunyarmu ta koma wurin masu baki. Ya ce da haushi ya sa min Kunne. Kwana arba'in bai ɗauke ni ba. Nan ya kumbura kumatu, wurin da na gani.

Ya ce rannan Mama ta gaji, ta zo shagon nan ta shimfiɗe ni a kan teburin aiki, tsakanin agogunan mutane, ta yi tafiyarta. Ya miƙo hannu zai matsar da ni kada in yi masa ɓarna, sai na cafke babban yatsansa. Ya ja, na ƙi saki. Ya ce awa ɗaya da minti goma, ya duba agogo, bai yi aikin kowa ba. Ya ce, "Shekara talatin da uku ina jiran ta saki ta tafi. Ba ta tafi ba. Sunan da na sa mata ba daidai ba ne, kuma na daɗe da sani. Ga sunanta."

Ya ɗaga babban yatsan hagu. Na jira hannun Mama ya zo ya kama, yadda suka yi ta yi a gabana makonnin nan. Mama ta janye hannunta ta naɗe a ƙirji, ta kafe ni da ido.

Yatsan yana nan a sama shi kaɗai, hannun ya fara gajiya. Kyamara tana ɗauka. Na san in na miƙa hannu zan shiga hoton, kuma mai kyamara ba ta shiga hoto, wannan ma shekara goma ana dukansa a kaina.

Na kama.

Juma'a, 10:10 na safe

Mai Tacewa ya ce kaina ya tare kwatan hoton, mayafina ya karkace, kuma ana ganin hancina yana yoyo. Ya ce zai iya ɗan matso da hoton ya rage ni. Yaya ta buge masa hannu daga kan kwamfutar.

Ta juyo ta ce in je in kawo shayi, tun safe ba wanda ya karya. Da sabon sunan ta kira ni.